Ɗanka Ya Datse Lissafi, Hannuna Ya Ƙone

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da yara? Ni lafiya lau, hannun ma ya fara warkewa.

Ka ce in rufa wa ɗanka asiri wurin malaminmu. To, ji aikinsa. A ɗakin gwaji muna matse iska a bututun ƙarfe, zafinta ba ya samun mafita, sai mu ƙiyasta shi da jerin lambobi masu raguwa. Matsin ya yi yawa, sai an haɗa lambobin duka, amma don ƙyuya ɗanka ya ɗauki biyun farko ya watsar da sauran, ya ce in dafa bututun da hannu, ba zafi. Fatar tafina ta manne a ƙarfen.

Jarrabawarsa ka tambaya, ba ka tambayi hannuna ba. Gobe zan faɗi gaskiya. Allah ya bar zumunci. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi.

'Yar ƙanwarka