Ƙwayar Wake Ɗaya

Maman yara,

Kada ki firgita, na riga na firgita mana mu biyu. Na tafi asibiti da Auta.

Bayan fitarki na zauna koya wa yayarsa lissafi da wake: goma-goma a kofi, ɗaiɗai a ƙasa. Kofi biyu da ƙwaya huɗu, ashirin da huɗu. Can sai ta ce, "Baba, sun koma ashirin da uku." Ɗaliba ta gane karatu, malamin ne ya manta Auta yana gefe. Sai sosa hanci yake, ya ƙi a taɓa.

Yayar tana maƙwabta. Ki ɗaga tabarma ki duba. In kin ga waken, kira ni maza. In babu, ki taho da faɗanki, na cancanta.

Baban yara