Jirgin da Muka Bari a Sama

Ya Lubabatu, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, ruwan randar da ba a buɗe wa baƙo. Ya matata, abokiyar hirata, uwar ɗiyata. Amincin Allah ya tabbata gare ki a ɗakin da kika rufe kanki a Ƙwanni, tsallaken iyaka, ya shiga inda muryata ta kasa shiga.

Akwai ruɗanin da ke kama duk ɗalibin da na fara zaunarwa gaban wasan nan na kwamfuta, wanda ake ƙera jiragen sararin samaniya a cikinsa a harba su. Yara sukan ga roka ta tashi, tankin ƙasa ya ƙare ta sake shi, na biyu ya ƙare ta sake shi, har ya rage ɗan kanta kaɗai yana tafiya. Daga nan sai su yanke cewa duk abin da zai hau sama dole ya yar da wani sashe na jikinsa a hanya. Kowace shekara nakan gyara musu wannan kuskure ina dariya. Ban taɓa zaton ranar za ta zo da zan gyara miki shi ba, kuma ba da dariya ba.

Yayarki Ramatu ta zo ranar kasuwa. Ta zauna bakin tabarma, ta ƙi shan ruwan da na ajiye mata, sannan ta isar da saƙonki. Ta ce kin ce in sawwaƙe miki. Ta ce tun da likita ya faɗa cewa da wuya mahaifarki ta sake riƙe ciki, kin ga babu dalilin da za ki ci gaba da nauyaya wa mutumin da duk rayuwarsa son yara ce. Sannan ta maimaita maganarki yadda kika faɗe ta, ba tare da ta san inda ta fito ba: “Shi ya koya mini, tankin da ya ƙare sakin shi akai. To mi ya rage?”

Wayyo Lubabatu! Da bakina na koya miki abin da kika ɗauka kika soki kanki da shi? Ke ce tanki? Ke da idan kika shigo tsakar gida har kaji sukan canja tafiya? Ke da dariyarki ke sauka a ƙirjina kamar ruwan farko a kan garka? Tun ranar da na ji maganar nan abinci ya koma mini ƙasa, alli ya yi nauyi a hannuna, ina tsaye gaban allo ina bayanin abin da ke riƙe duniyoyi a falakinsu, alhali ban san abin da ke riƙe ni a tsaye ba.

Bari in tuna miki abin da kika manta. Kin tuna yammacin nan ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, bayan la’asar, cikinki ya fara fitowa, ƙafafunki a cikin kwanon ruwa saboda kumburi? Na ɗauko kwamfutar don in shirya darasin gobe. Na harba wata roka doguwa mai hawa-hawa, ta karkace, ta tarwatse a sama, kika yi dariya har ruwan kwanon ya fantsama a zanenki. Daga ranar kika laƙaba mini Malam Mai Fashe-fashe. Da na harba wata ta tafi daidai, ina jiran yabo, sai na ga kin ɓata fuska. Kika ce ba kya son wannan irin. Kika ce wace irin tafiya ce mutum zai fita da gidansa cike ya dawo da kai kaɗai, ya bar kayansa warwatse a hanya kamar wanda aka kora? Kika tambaye ni ko babu wanda ke zuwa ya dawo da jikinsa duka.

Na ce akwai, amma ya fi wuya nesa ba kusa ba. Jirgi ne mai fukafukai, yana tashi daga titi kamar jirgin alhazai, ya hau har inda iska ta ƙare, ya kunna injin roka ya shiga falaki yana zagaye duniya, sannan ya dawo ya sauka a kan ƙafafunsa, bai yar da ko ƙusa ɗaya ba. Kika jawo kwamfutar gabanki kika ce shi za mu ƙera.

Haka muka yi ta yi duk yamma. Ke da lissafinki na makarantar faransanci, ni da nawa na turanci, muna gardama a kan tsawon fiffike kamar masu rabon gona. Wasan yana nuna ɗigo biyu a jikin jirgi: rawaya, inda nauyinsa ya taru, da shuɗi, inda iska ke tallafe shi. Dole rawaya ya zauna gaba kaɗan, shuɗi na biye da shi, in ba haka ba jirgin ya juya ya ba iska baya. Ke kika ce ashe ɗaurin kaya ne a kan babur, in buhun albasa ya koma baya sai gaba ya ɗaga. Jirgi nawa muka binne a ƙarshen titin nan! Wani fiffikensa ya karye, wani mansa ya ƙare yana gab da isa, wani ko tashi bai yi ba ya gangara cikin teku, kika ce wannan kwale-kwale muka ƙera. Da muka samu wanda ya miƙe, kika dage sai an sa masa kujeru uku. Na ce ƙarin nauyi ne. Kika dafa cikinki, na sa kujerar.

Ranar da ya shiga falaki, ke ce ke riƙe da shi. Matuƙa biyu ne a ciki, kika sa wa ɗaya sunana, ɗaya naki, kujera ta ukun kika ce a bar ta sai bayan suna. Washegari aka zo aka tafi da ke gida goyon ciki. Kina sa mayafi kika gargaɗe ni kada in kuskura in sauko da shi da wannan hannun nawa na gaggawa, in bar shi yana zagaye, in kin gama wanka kin dawo ke za ki sauke shi, ɗiya ko ɗa a cinyarki.

Ba ki daɗe da tafiya ba sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi a bakin shinge har albasa ta ruɓe a cikinsu, warinta ya cika garinmu Illela. Ƙwannin da a da nake zuwa kafin tuwo ya huce ta koma mini wata duniya. Sannan naƙuda ta zo miki kafin lokacinta. Ina cikin aji da hantsi Ramatu ta kira, ta ce mace ce, amma numfashinta bai zauna ba. Na fita bayan aji, na ce ta kara wayar a kunnen jaririyar. A nan, jikin bangon da yara suka cika da zane, na yi mata kiran salla, na raɗa mata sunanta: Sharifa. Na ji wani ɗan sauti kamar na tsuntsu a cikin sheƙa. Shi ne duk abin da na samu na ɗiyata, kuma ba zan ba da shi a bakin duniya da abin da ke cikinta ba.

Na hau kabu-kabu muka bi ta gonaki. An yi ruwa da safe, hanya ta zama taɓo, gero ya fi mu tsawo, muka yi ta turin babur da hannu. Da na isa ƙofar gidanku, maza na dawowa daga maƙabarta, suna karkaɗe ƙasa daga hannuwansu. Ban ga fuskarta ba, Lubabatu. Ke kaɗai ce a duniya za ki iya faɗa mini ko hancinki ta ɗauko ko nawa, kuma tun daga ranar ba ki yarda mun haɗa ido ba.

A cikin wasan akwai maɓallin da ake dannawa in jirgi ya tarwatse, komai ya koma bakin titi kamar ba a yi ba. Na san kin tuna shi, na san kin neme shi yadda na neme shi. Babu shi a nan. Allah ya ba mu ita, ya karɓi abarsa, ba mu da abin cewa sai abin da ya yarda mu ce. Yanzu an ɗaga shinge, motoci na wucewa, ’yan canji sun koma kan bencinsu suna kiran sefa. Ni kuwa duk Juma’a ina zaune a zauren Baba Alhaji Maccido, mahaifinki, muna gaisawa muna sake gaisawa, kunya ta hana shi faɗa, ta hana ni tambaya, har Ramatu ta leƙo ta ce kina gaishe ni. Wayarki a kashe. Ragon da na ɗaure don suna yana nan a turkensa, ya yi ƙaho, na kasa yanka shi, na kasa rabuwa da shi. Tafiyar da ke tsakanin zauren nan da ƙofar ɗakinki ta fi mini hanyar wata nisa!

Jirginmu yana can inda kika bar shi. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa abin da ke zagaye duniya ba tsaye yake ba, faɗuwa yake yi ba dare ba rana, gudunsa ne kawai ke sa yake kuskure ƙasa. Su sukan yi mamaki. Ni na daina, domin ni ma haka nake rayuwa tun da kika tafi.

Bayan saƙon Ramatu na buɗe shi, na yi ta gwada saukowa da shi. Duk lokacin da ya taɓa iska sai ya fara rawa, hancinsa ya ɗaga, ya wuntsila, wuta ta lulluɓe shi, matuƙan nan biyu masu sunayenmu su ɓace daga allon. In danna maɓalli in koma, a sake haka. Sai da na duba ɗigon nan biyu na gane. Mun auna shi ne tankunansa cike. Ko sau ɗaya ba mu tambayi kanmu yadda zai tashi in ya wofinta ba. Da man ya ƙone, nauyin ya koma baya, wajen injuna, rawaya ya zame ya koma bayan shuɗi. Jirgin da ya tafi ba shi ne zai dawo ba. Mu biyu, da duk lissafinmu, mun shirya wa tafiya, ba mu shirya wa dawowa hannu wofi ba.

Amma ki saurare ni, hasken ɗakina. Jirgin da ya wofinta ba a sakinsa. Ba shi da inda ake ɓalle shi, don ke da kanki kika hana a sa masa. Ɗan man da ya rage ake turawa tankin gaba, a shigo da shi a hankali, cikinsa ya ɗauki zafin. In aka tsunduma da sauri ya ƙone. In aka shigo sama-sama ya yi tsalle a kan iska kamar tsingaron da yara ke jefawa a tafkin Kalmalo, ya koma duhu. Tsakanin biyun akwai ’yar siririyar hanya, kuma hannuna ya cika gaggawa, ba zan same ta ni kaɗai ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba na son ’ya’ya ba, kin san ni. Ba zan ce yaran makaranta sun cike gurbin ba, don idan aka tashi kowa gidan ubansa yake tafiya, ni in dawo in tarar da darbejiya da rago. Ba zan ce za mu koma yadda muke ba. Abin da nake cewa shi ne, gidan da babu kukan jariri amma akwai ke, zan iya zama a cikinsa har a ɗauke ni. Gidan da babu ke, ko yara sun cika shi har bakin ƙofa, kango ne. Wa zan kira Sharifa a gabansa ya san wa nake nufi? Wa zai tuna ta tare da ni in na tsufa? Kalmar da kika roƙa ba za ta fito daga bakina ba, ba kuma za ta fito daga alƙalamina ba, sai dai in kin dube ni ido da ido kin ce ni ne ba kya so. In haka ne zan ji, ba zan tsare ki ba. Amma kada ki ce don ni kike yi.

Na ba Ramatu kwamfutar tare da wannan takarda. Na cika mata caji. Yara za su yi haƙuri da allo da alli har ki gama. Ki buɗe ta a inda kike, ba sai kin fito ba, ba sai kin kira ni ba. Ki juya jirgin ya ba hanya baya, ki kunna inji kaɗan ya rage gudu, ki mayar da hancinsa gaba, ki tura man gaba. Kujera ta uku kuwa kada ki so a cire ta don rage nauyi. Da ita muka tashi, da ita za mu sauka. In ya ƙone, ki sake. In ya sake ƙonewa, ki sake, ba mai ƙirga miki. Ki gwada, Lubabatu, ko sau ɗaya ne ki gwada.

Shamuwa ta fara dawowa kan kukar bayan makaranta, gabas na haɗa hadari yana watsewa. Ranar Juma’a zan zo zauren Baba kamar kullum. Ba zan tambayi kowa komai ba. In kin sauke shi, ki aiko a ce mini ya sauka. In ba ki sauke ba, zan gaishe da Baba in koma, in sake dawowa wata Juma’ar, har ƙafata ta gaza, har a rufe ni da ƙasar da ta rufe ɗiyarmu.

Mijinki jiya, mijinki yau, mijinki muddin ana kiran salla a Illela ana amsawa a Ƙwanni,

Nu’man, baban Sharifa.