Ranar da Jirgin Amir Ya Kasa Sauka

Kado, Abuja.

Zuwa ga Yaya Tawfiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Alƙahira. Mu nan alhamdu lillahi, sai haƙuri. Mama ta fara taɓa abinci, abokan Baba na kasuwar kifi kuma har yanzu suna zuwa ta'aziyya. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.

Yaya, na ji ka yi fushi da Amir don bai riski Baba da rai ba. Wallahi ba laifinsa ba ne. Da safen ranar, da jiki ya tsananta, Baba yana ta kiran autansa, Amir ya bar aiki a Fatakwal ya hau jirgi. Sun shigo sararin Abuja ke nan sai kwamfutar hasumiyar filin jirgi ta rikice. Ka san maigidana, Baban Lubna, a can yake aiki, yana ba jirage izinin sauka. Ya ce allon ya daskare, jirage na tafiya a sama amma a gabansa suna tsaye cak, wani ma ya bayyana a wuri biyu. Aka kashe aka kunna, ta sake yi. Daga baya aka ce kuskure ne a sabuwar manhajar da aka ɗora mata.

Jirgin su Amir ya yi ta kewaya gari har mai ya ja baya. Baban Lubna ya san Amir na ciki, don ni na faɗa masa tun safe. Duk da haka da bakinsa ya umarci matuƙin ya wuce Kano, ya ce ba zai sauko da rayukan mutane a kan kirdado ba. A lokacin ina riƙe da hannun Baba, ina ce masa Amir na hanya. Ya cika kafin azahar. Amir ya biyo mota, ya iso an daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Tun ranar Amir da Baban Lubna ba sa iya haɗa ido. Amir bai zargi kowa ba, amma ba ya magana. Baban Lubna kuwa ko inuwarsa ya hango sai ya bar gidan. Bawa ba ya wuce ƙaddararsa, sai dai ni na faɗa har na gaji. Ka kira su duka biyu, Yaya. Yanzu kai ne ubanmu.

Mama na sa maka albarka. Ka gaishe da Anti Muhibba da ɗana Abdulbasit.

Ƙanwarka,
Rabi'atu