Bakin da Ya Saba Cewa Da Sauƙi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ƙafar tata? Ya yara? A shafa min kan Auta.

Ni dai alhamdu lillahi. Na ɗan ajiye aikin masana'anta saboda ciwon dajin nan, amma kada ki tayar da hankalinki, ana kula da ni. An fara ba ni morfin na ruwa, ina aunawa da sirinji marar allura in zuba a baki.

Kaɗan suka fara da shi, wai sai sun ji daga bakina za su ƙara. Ni kuwa kin san tarbiyyar gidanmu, duk wanda ya ce ya jiki, sai in ce da sauƙi. Rannan nas ta tarar da ni ƙanƙame da ƙarfen gado, gumi ya jiƙe rigata. Ta ce, "Bawan Allah, muddin kana cewa da sauƙi, likita ba zai ƙara maka ba. Faɗi gaskiya." Wallahi Yaya, sai da na juya fuskata bango sannan na iya faɗa.

Sun ƙara, sun sake ƙarawa. Yanzu ina samun barci. Sai dai ƙarin ya fara zuwa a kai a kai, ban kuma tambaye su dalili ba.

Don Allah ki turo min hoton Inna. Allah ya bar zumunci. In ta tambaye ki jikina, ki ce mata da sauƙi.

Ƙaninki