Wa Ya Danna Maɓallin?

Anti, don Allah ki taimake ni, ko mijina na kasa gaya wa wannan.

Watan jiya aka yi mini aikin cire haƙorin can ƙurya. Saboda tsorona, likita ya sa mini allura a jijiyar hannun hagu, ya ba ni ɗan maɓalli a dama, ya ce in fargaba ta taso in danna, maganin kwantar da hankali zai shiga jikina kaɗan. Ni mai bin abu daki-daki ce, kullum sai na rubuta yadda yinina ya wuce, don haka na ƙudura zan lura da komai. Sau ɗaya na danna. Na tabbata, ko dai ina jin na tabbata.

Daga nan fitilar da ke kan fuskata ta yi nisa, ƙarar injin ta koma kamar daga wani ɗaki. Sai na ji hannu a kan nawa, mai sanyi, babban yatsan a karkace. Haka na Innata yake tun da ƙofa ta datse shi. Ina yarinya, in za a yi mini allura, da shi take matsa tafin hannuna. Bara ta rasu. Yatsan ya hau nawa ya danna, ya sake dannawa.

Da na farfaɗo, nas ta yi ta tsokanata, wai na dinga dannawa kamar mai buga ƙararrawar gidan da ba kowa. Ta ce ba wanda ya tsaya ta damata, bango ne ma a wajen.

Saura haƙori ɗaya, an sa rana. Likita ya ce zai iya jira, ni na matsa. Ɗoki nake yi, Anti, kuma shi ke firgita ni. In je?

Mai Kokwanto

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Inna.

Irin wannan magani yakan kawo mantuwa da mafarki mai kama da ido biyu. Na'urar kuma tana da iyaka, komai yawan dannawa ba ta wuce abin da likita ya tsara. Hankalinki lafiya lau. Tsoro ya kama ki, jikinki ya tuno hannun da ya saba lallashinsa.

Amma ba a cire haƙori don kewa. Ki koma wurin likita, ki faɗa masa komai. In aikin dole ne, ki tambaya ko allurar kashe dasashi kaɗai za ta wadatar. In ya sake cewa zai iya jira, ki bar shi.

Ki gaya wa maigidan yau, ki yi kukanki, ki yi wa Inna addu'a. Ran aikin kuma ki nemi nas ta zauna kusa da ke, ta riƙe miki hannu.

Allah ya ba ki lafiya da sanyin zuciya.