Baba a Sabuwar Tasha

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Sabuwar tashar nan ta fara aiki yau. Kyauta ce, ba biyan wata, in kana da kwanon satalayit shi ke nan. Na dawo daga makaranta na iske matata Ruwaida ta bar tukunya ta zauna gaban talabijin. Awa ukku ana jawabi! Wai hoto tangaran. Ƙwarai kuwa, har goron da ya maƙale a haƙoran babban baƙo na gani, da zufa tana bin wuyan rigarshi. Tir. Na ce mata ci gaban ke nan?

Alhamis, 18 ga Janairu

Girke-girken abincin da ba wanda ya san sunanshi a Tambuwal, sai fim ɗin waje da anka sa wa Hausa. Amma Gazali, malamin lissafinmu, ya ce suna da shirin sana'o'in gado, ƙanen matarshi na cikin masu ɗaukar hoto, suna neman maginin rumbu. Bakina ya riga hankalina. Na ce a duk ƙasar Kebbe babu kamar Baba. Shekara hamsin yana ɗora rumbun ƙasa, ba wanda ya taɓa yi mishi ko na gode a bainar jama'a. A ce duniya ta gan shi sau ɗaya cikin girma.

Asabar, 27 ga Janairu

Kaicona da na kai su.

Mun sha hanyar Kebbe, ni a babur, masu shirin a mota suna ta tsaki. Baba ya fito da farar babbar riga da rawani, har turare. Mai gabatarwar, wata Fauziyya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A'a Baba, ba haka muke so ba. Sa kayan aikinka, yadda kake na gaskiya." Yadda kake na gaskiya! Tsoho ya koma ɗaka ba musu, ya fito da tsohuwar taguwar nan mai yagaggen hammata. Mai kamara ya durƙusa yana ɗaukar faso a dugaduganshi kamar ya tsinci zinari. Maƙwabta sun cika katanga.

Ban iya ba. Na tafi bakin kasuwa na zauna har sunka gama.

Lahadi, 28 ga Janairu

Ni na kai ubana a yi kallon tsummanshi. Ni.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Na kira su sau fuɗu a cire shirin. Wani ya ce an riga an tsara, Asabar bayan la'asar. Har da yi min barka, marar kunya. Surukaina duk suna da kwano. Ɗalibaina ma. Ruwaida ta ce, "Malam, sana'a ce fa, ba sata ba." Abin da nika gudu shi ne a zauna majalisa ana dariyar Baba, shi kuwa ba zai taɓa ce min uffan ba. Ni ne ɗan fari, tsakanina da shi gaisuwa ce kaina a ƙasa. Ko sunana bai taɓa kamawa ba. Ta ina zan ba shi haƙuri?

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na rantse ba zan kalla ba. Na tsaya bakin ƙofa dai.

Taguwar ta fito, fason ya fito, komai tangaran kamar yadda sunka yi alkawari, Allah ya isa. Sai Fauziyya ta tura mishi abin magana ta ce, "Baba, mene ne sunan babban ɗanka?" Ruwaida ta dafe ƙirji. Wace irin tarbiyya ce wannan? A Kebbe ko ɗan yaye ya san ba a yi wa dattijo wagga tambaya. Baba ya ce, "Ba a faɗi." Ta sake, tana dariya. Su kuma masu kamara sunka matso da hoton har fuskarshi ta cika gilashin.

Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa kallon fuskar nan haka ba. Ashe akwai tabo ƙarƙashin idonshi na hagu. Ashe idon ya fara fari.

Ya ce, "Akwai wani mai koyarwa can Tambuwal. Yana ɗan shekara sha biyu ya ɗora min bakin rumbu, ga shi can, har yau bai tsage ba. Hannunshi ya fi nawa. Boko ta ɗauke shi, ban hana ba." Ta ce to wa zai gaje shi. Ya ci gaba da shafa ƙasa.

Ruwaida ta juyo. Na ce hayaƙin murhunta ne ya dame ni, na fita.

Talata, 13 ga Fabrairu

Sun maimaita shi da rana. Ba su da wasu shirye-shiryen ne, shi ya sa. Na kalla don in ga ko sun gyara wani abu.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kebbe. Na je duba jikin Inna ne kawai. Na iske Baba yana ginin wani rumbu bayan gida, ba mai miƙo mishi ƙasa, sai ya sauko ya hau, ya sauko ya hau. Ba daɗin gani. Na tuɓe takalmi na shiga kwaɓin.

Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Can ya karɓi curi na farko, ya murza, ya ce wa bango, "A gaya wa mai kwaɓin ya ƙara ruwa."

Tashar dai ta banza ce, ban canza magana ba. Bayana kamar zai ɓalle. Saura sawun gini shida a kai bakin rumbun, kuma ba zai iya shi kaɗai ba.