Na Yi Faɗa a Kan Rawani, Na Yi Shiru a Kan Fanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, a kuma karanta bayanina har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, ko da yake ni kaina ban cika yi wa mutane wannan alfarmar ba.

Ni jami'in kula da lafiyar ma'aikata ne a wata masana'antar jimar fatu da ke Challawa. Nauyin da aka ɗora mini a bayyane yake tun ranar da aka ɗauke ni aiki: in zagaya kowane sashe, in gano abin da zai iya cutar da ma'aikaci, in kai shi gaban hukumar kamfani tun bai yi ɓarna ba. Na yi karatun wannan fanni, ba na makara, ban taɓa karɓar na goro a hannun kowa ba, kuma babu abin da zai faru a harabar nan ban rubuta shi ba. Ma'aikata suna kirana Malam Doka a bayan idona. Na sani, kuma da alfahari nake yi da sunan.

Akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin ganguna, inda ake juya ɗanyun fatu cikin sinadarin da ke cire gashi. Warinsa yakan kama maƙogwaro tun daga bakin ƙofa. A bangon ɗakin akwai babbar fanka mai zuƙe gurɓatacciyar iska ta fitar waje. Fankar nan ta mutu tun kafin azumi. Takunkuman hanci da aka raba sun ƙare, ba a sake kawowa ba. Duka biyun na sani. Sau ɗaya na taɓa ambata wa manaja, muna tafe zuwa masallaci, ya ce ana kan maganar, ni kuma na ce to, Allah Ya taimaka. Iyakar abin da na yi ke nan.

A ɗakin akwai wani dattijo mutumin Damagaram, zan kira shi Malam Sale, ko da yake ba sunansa ba ne. Ya daɗe a kamfanin, iyalinsa suna Panshekara. Da wari ya yi yawa sai ya fara jiƙa jelar rawaninsa a famfo, ya naɗe hanci da baki kafin ya shiga. Sauran suka kwaikwaye shi, wani da hirami, wani da tsohuwar singileti. Ranar da na shiga na tarar da su haka, raina ya ɓaci ƙwarai. Muna sa ran baƙi masu sayen fata daga ƙasar waje, ga ma'aikatanmu sun naɗe fuska da tsummoki. Na tara su a tsakar fili, na yi doguwar lacca a kan kakin kamfani da tsafta da mutuncin masana'anta. Na ware Malam Sale, na ce shi da ya kamata ya zama abin koyi shi ne ya kawo rashin tsari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce cikin raha:

"Yallaɓai, ku yi haƙuri. Riga da wando na kamfani ne, amma hancin nan daga gida na zo da shi."

Aka yi dariya, ni kuwa ban yi ba. Na ce idan na sake ganin ƙyalle a fuskar wani, a bakin aikinsa. Bayan nan na sha tsayawa a ƙofar ɗakin ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, fankar tana tsaye a saman kaina, yanar gizo-gizo ta rufe ta, ban ɗaga ido ba.

Makon jiya, da hantsi, aka buɗe wata ganga, Malam Sale ya yanke jiki ya faɗi. Abokan aikinsa suka ja shi waje, aka sa shi a keke napep zuwa asibiti. Ya farfaɗo, amma huhunsa ya taɓu, ko tsakar gida ba ya iya ratsawa sai ya tsaya ya huta. Na tambayi likitan ko jiƙaƙƙen rawani zai iya kare shi. Ya ce da wuya. Na ɗauka zan samu sauƙi da wannan amsa, ban samu ba. Domin ba cire rawanin ne ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne na ga magidanta sun toshe hancinsu da tsumma, kuma tambayar da ta zo mini ita ce, me baƙi za su ce? Me ya sa ban tambayi abin da suke gudu ba? Me ya sa muryata ta yi ƙarfi a kan wanda ba zai iya yi mini komai ba, ta kuma yi laushi a kan hanyar masallaci? Da na ba maiɗakina labari, ba ta zarge ni ba. Ta dai ce ta daɗe da lura cewa abin da baƙo zai gani nake gyarawa, ko a gida. Tun daga lokacin, duk inda na ji ƙarar fanka, a ofis ko a falo, sai in ji warin ɗakin nan a maƙogwarona. Ko a sujada tarin dattijon nan nake ji.

Yanzu kamfani ya kafa kwamitin bincike, zai zauna a mako mai zuwa, ni ne babban mai ba da shaida. Manaja ya kira ni ofis, ya ce ba ƙarya yake so in yi ba. In dai faɗi abin da kowa ya gani: cewa na yi wa Malam Sale faɗa a bainar jama'a, cewa mutum ne mai gardama da ƙa'ida. Maganar fanka kuwa, ya ce an riga an kira mai gyara, babu amfanin tayar da ita. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, kuma na san inda za ta kai. Za a ce sakacinsa ne, a sallame shi, a dakatar da maganinsa, ya koma garinsu da ruɓaɓɓen huhu da sunan mai taurin kai. Idan kuma na faɗi sauran gaskiyar, dole in fara da kaina, in ce na sani na yi shiru. Aikina zai iya tafiya, ina da 'ya'ya a makaranta.

Shekaranjiya na je duba shi a Panshekara. Na same shi jingine da bango a zaure. Ya yi yunƙurin tashi ya gaishe ni, na hana shi. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi iyalina. Bai ambaci fanka ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna, yana magana yana tsayawa ya ja numfashi:

"Yallaɓai, na ji za a yi zama. Don Allah ku gaya musu ranar ban ɗaura komai a fuska ba. Tun da kuka hana ban sake ba."

Yana zaton wannan ce shaidar da za ta cece shi. Na yi masa sallama na fito.

Saboda haka nake gabatar da kokena gare ku, musamman malamai da masana dokar ƙwadago. Ina neman a bincika lamarin nan yadda ya dace, kuma binciken ya fara daga kaina. Amma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba, ban kuma san ko bakin da ya yi shiru tun kafin azumi zai iya buɗewa a gaban manaja ba. Kwamiti zai zauna, za a kira sunana, Malam Sale yana zaure yana jiran in wanke shi. Jama'a, me zan yi?